Ladi Bulus Biyar, Satifiket Ɗaya

Shekara huɗu ina buga wasiƙu a ofishin Zumuntar Mata a Kafanchan, amma ranar da aka kawo kwamfuta sai aka lulluɓe ta da zane, aka ce kada in taɓa. Wai zan lalata. Ni da na shiga ajin yaƙi da jahilci ina da 'ya'ya biyar, na koyi baƙi da goyo a bayana, na zo na koyi tafireta har yatsuna suka yi kanta, ni ce zan lalata. Wannan maganar ba zan taɓa mantawa da ita ba, kuma ban ce na yafe ba. Sai dai abin da ya fi ta zama a raina shi ne abin da na aikata da hannuna bayan an ɗage zanen.

Wanda ya ɗage shi Baba Istifanus ne, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ya yi ritaya ya koma karatun injuna. Wajen ƙarshen shekarun 1990 ne aka yi wannan. Ya shigo, ya yaye zanen, ya ce, "'Yata, ja kujera. Injin da ake tsoro ba ya aiki."

Shi ya koya mini wani yare da ake ba kwamfuta umarni da shi, sunansa Perl. Ba wani tsafi ba ne. Za ki rubuta abin da kike so layi-layi, kamar saƙon kasuwa, sai dai wanda kika aika ba shi da hankalin kansa. In kika ce ya sayo gishiri buhu goma, ba zai tambaye ki ko biki ake yi ba.

Cikin wata uku na iya sa ta jera sunaye daga A zuwa ƙarshe. Na iya rubuta wasiƙar gayyata ɗaya, ta fito sau hamsin, kowace da sunan mai ita. Aikin da ke cinye mini mako ya koma na shan shayi. Daga nan fa kaina ya fara girma. (Har tabarau na sayo mai igiya ina ratayawa a wuya, alhali idona lafiyarsa lau.)

Sai lokacin yaye matan ajin yaƙi da jahilci ya zo. Azuzuwan suna warwatse a ƙauyuka, daga wajen Kwoi har gefen Kachia, kuma duk za su taru a Kafanchan a ba su satifiket. Malamai suka aiko da sunaye a takardar littafi, wani ta hannun mai babur, wani ta hannun direba. Wasu don tsoron kada ta ɓace a hanya suka aiko sau biyu. Da na gama shigarwa sai na ga suna ɗaya yana ta maimaituwa.

Na ce wannan ai ƙaramin aiki ne. Na rubuta layi shida: karanta sunaye ɗaya bayan ɗaya, in ka taɓa ganin suna, tsallake shi.

Baba ya leƙa ta kafaɗata ya ce, "Ya yi kyau. To ina waɗanda ya tsallake? Sa shi ya ajiye su a gefe ki duba."

Na ce, "Baba, wa ke duba shara bayan an share ɗaki?"

Ya ɗauki hularsa. "Ke kika sani, 'yata."

Ranar Juma'a majami'a ta cika. Mata sun sha anko, ana buga tulu, ana guɗa. Mama Fasto, shugabar zumunta, ta tashi ta ce bana ba hannu ya yi aikin ba, kwamfuta ce, kuma 'yarmu ce ta tuƙa ta. Maimakon in durƙusa in zauna kamar mai hankali, sai na karɓi makirfo. Na ce, "A da muna kuskure. Injin nan ba ya kuskure." Aka tafa. Na gyara tabarau, na ce ni zan kira sunayen da bakina.

Komai na tafiya daidai har na iso harafin L.

"Ladi Bulus!"

Mata biyar suka miƙe.

Na ɗauka ban faɗa da ƙarfi ba ne. Na sake kira. Biyar ɗin suka taho gaba, kowace na gyara ɗankwali. A hannuna satifiket ɗaya.

Wata doguwa ta ce, "Ni ne Ladi Bulus."

Ta bayanta ta ce, "Ni ma ni ne. Ke, Bulus naki miji ne ko baba?"

"Miji."

"To nawa baba ne. Na riga ki samu."

Majami'a ta kwashe da dariya. Ni kuwa a nan ne na gane. Ni kaina sunan rana gare ni. A ajinmu na da mu uku ne masu suna ɗaya, malam ya raba mu da Doguwa, Gajera da Mai Goyo. Na sani sarai cewa a ƙasarmu in aka haife ki Lahadi ke Ladi ce, Bulus kuwa ko wane ƙauye yana da nasa. Na sani, amma ban gaya wa injin ba. Na duba sauran takardun hannuna, na ga Talatu Yakubu ɗaya, ga ire-irenta, na san tashin hankali bai ƙare ba.

Sai babbar cikinsu, wata tsohuwa daga wajen Kwoi, ta matso. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Madam, shekara biyu ina barin gonar citta ina zuwa aji. Na gaya wa jikokina yau zan kawo takarda gida."

Dariyar ta mutu. Tawa takardar har yau tana ƙasan akwati cikin leda biyu. Na san abin da na ƙwace mata.

Mama Fasto, Allah ya saka mata, ta so rufa mini asiri. Ta ce, "Kun san injin Bature, wani lokaci yakan ruɗe." Na hango Baba Istifanus a benci na baya, ya naɗe hannu. Da na yi shiru da an wuce a haka. Amma bakin da ya yi fahariya shi zai sha kunyarsa. Na ce, "Mama, ba injin ba ne. Ni na ce masa ya zubar da su, ya kuwa zubar. An gargaɗe ni, na ƙi ji."

Tsohuwar ta dube ni daga sama har ƙasa. Sai ta miƙo hannu. "To kawo biro. Ba abin da muka je koyo ke nan ba?"

Ta duƙa a kan teburin, a gaban kowa, ta rubuta sunanta da na ƙauyenta da hannunta, harafi ɗaya-ɗaya, harshe a waje. Da ta ɗago aka rangaɗa guɗa. Aka ce duk wadda ta san ba za ta samu ba ta fito. Mata sha ɗaya suka yi layi, kowace ta rubuta nata, kowace aka yi mata guɗa da kiɗan tulu. Har waɗanda suka samu satifiket suka fara ƙorafi wai su ba a ba su biro ba. Matan da na zubar kamar shara, su suka kwashe ni daga ƙasa. Har in mutu ina gode musu.

Washegari da sassafe na buɗe ofis da takardar nan tasu a hannuna. Na gyara layina: suna, da ƙauye, da sunan malamin aji. Na ƙara na bakwai, wanda zai tara duk abin da aka tsallake a gefe. Ina cikin bin su ɗaya-ɗaya da yatsa Baba ya shigo.

"Me kike yi, 'yata?"

"Shara nake dubawa, Baba."

Bai yi dariya ba, wannan ma na gode masa. Ya sa takarda a firinta kawai. Na buga sha ɗayan, na sa a leda biyu, na cire tabarau na jefa a durowa, na nufi tashar motar Kwoi. Kwamfuta ba ta yi mini ƙarya ba. Ni ce na manta in gaya mata cewa kwana bakwai ne kacal a mako, mata kuwa ba su da iyaka.