Limancina a Kwazazzabon Shafa

Ba zan taɓa mantawa da magaribar da na yi limanci a duwatsun Shafa ba, ko da kuwa waɗanda suka bi ni sun yafe.

A lokacin shekarata tara a Makka, ina tsaron shagon turare a unguwar Jarwal, na gaji da tsayuwa har ƙafafuna sun fara kumbura. Sai ga Alhaji Sule ya zo Umara daga Kano. Yana da kamfanin kawo alhazai, kuma yana neman wanda zai riƙa yi musu jagora a nan. Aikin nan na sa shi a rai ƙwarai. Kwana uku ina manne da shi ina zuba: na san lungunan Hindawiyya, na san kowace ƙofa ta Harami, ko an ɗaure mini ido zan kai mutum Mina. (Na ƙarshen ƙarya ce, amma ya gyaɗa kai.)

Ashe Alhaji mutum ne mai son hawan dutse, wai likita ne ya ɗora shi. Ya yi mana rajista, ni da shi da abokan kasuwancinsa biyu, za mu gangara wani kwazazzabo mai zurfi a Shafa, bayan Ɗa'ifa, mu kwana a ciki. Ban taɓa hawan abin da ya fi benen gidanmu na unguwar Shisha ba, amma na ce ai ni da dutse tun ina yaro.

Jagoranmu wani Balarabe ne ɗan yankin, Abu Nayif, siriri, ba ya son magana. Tun bayan azahar muke gangara. Iskar can sama ba ta cika ƙirji, hanyar kuma sai murɗewa take, dama, hagu, dama, har na daina sanin ta inda muka shigo. Da muka isa ƙasa na ɗaga kai, sama ta zama siririya tsakanin bango biyu na dutse. Waya babu sabis. Sanyi kuwa, ni da na saba da zafin Makka, har haƙorana na haɗuwa.

Abu Nayif ya sauke kaya ya tafi ɗebo ruwa. Magariba ta yi. Alhaji ya dube ni ya ce, "Malam, kai ne ɗan gari. Ina alƙibla? Bismillah, ja mu."

Ka gane, a Makka ba a neman alƙibla. Masallaci ya nuna maka, ko ka hango dogon benen agogo. Shekara tara ban taɓa tambayar kaina ba. To a ramin nan, da gajiya da jiri, sai abin da mahaifina ya koya mini a gona ya taso: ka ba faɗuwar rana baya, ka fuskanci gabas. Na ga ja-ja a saman bango ɗaya, na juya masa ƙeya, na shimfiɗa darduma. Su ma duk 'yan Kano ne, ba wanda ya ga aibu. Ban tuna cewa mun riga mun wuce Makka ba, tana yammacinmu.

Na tayar da salla da muryar da nake ajiyewa don baƙi. Ina tsakiyar sura na ji daga gefe an ce, "Subhanallah."

Abu Nayif ne ya dawo. Na ɗauka aya na tsallake, sai na koma farkon surar. Ya sake cewa, "Subhanallah." Na canza sura gaba ɗaya, na ɗauko gajeriya wadda ko a barci ba na kuskurenta. Ya sake. A nan kaina ya kulle. Ko Fatiha na manta? Ko alwalata ya gani? Ko kunama ce kusa da ƙafata? Na saci kallon ƙasa, ba komai. Don in tsira sai na yi ruku'u da sauri, na ɗago.

Sai na ji hannu biyu a kafaɗuna. A hankali ya ce, "Ya shaikh, al-gibla warak." Wato alƙibla tana bayana. Ya juya ni kamar ana juya tukunya a murhu.

Na buɗe ido sosai, ga ni fuska da fuska da Alhaji Sule, hannunsa a ƙirji, yana kallona ina kallonsa. Sannan su ukun suka gane, suka juya su ma. Yanzu ga mamu a gaba, ga liman a baya yana kallon ƙeyoyinsu. Na rasa ko in ratsa su in wuce gaba ne, ko in ci gaba daga nan, ko in sallame. Ɗaya daga cikin abokan Alhaji kafaɗunsa suka fara rawa saboda dariya. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, har sanyin ya bar ni.

Abu Nayif ne ya sake ja mana sallar. Na tsaya a ƙarshen sahu.

Da safe muna hawowa, ina haki a baya, Alhaji ya jira ni a kan wani dutse. Na ce, "Ranka ya daɗe, gajiya ce."

Ya ce, "Kuskuren bai dame ni ba, Malam, ai ni ma na bi ka. Abin da ya dame ni, mai wurin yana nan kusa, kira ɗaya zai ji, amma ka shimfiɗa darduma kamar a ɗakinka. Tsofaffi zan damƙa maka, waɗanda duk inda ka nuna nan za su bi."

Gaskiya ya faɗa.

Jagorancin kuwa, wani ya ba. Ni ya ba ni kula da kayan alhazai daga mota zuwa masauki, ya ce a nan ko na juya su ta ko'ina ba laifi, jakunkuna ba sa salla. Na karɓa da godiya.

An ce matambayi ba ya ɓata. Ni sai da na ba Ka'aba baya, tana 'yar tafiyar mota daga inda nake, kafin na yarda har da ni ake nufi.