Cikin da Na Ƙirƙiro wa Matata a Jirgin Ruwa

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kai ni inda zan riƙa neman tabarau alhali yana kan hancina, da yammacin da ma'aikatan wani jirgin ruwa suka kewaye ni da matata suna tafi suna waƙa, ni kuwa ina roƙon Allah ya sa teku ta buɗe ta haɗiye ni har da kujerar.

Ni direban bas ne a unguwar Bronx, a Amurka. Tun asuba nake hawa da sauka a titin Grand Concourse, kuma duk wanda ya shigo motar da bakinsa yake shigowa. Wanda ya makara, laifina ne. Wanda katinsa ya ƙi aiki, laifina ne. Har wanda matarsa ta ɓata masa rai a gida, a kaina yake hucewa. Shi ya sa in na tashi daga aiki ba abin da nake nema kamar shiru. Matata Rifkatu kuwa, wadda nake kira Maman Hannatu, ma'aikaciyar jinya ce, kuma irin mutanen nan ce da za su shiga layin biyan kuɗi a kanti su fito da sabuwar ƙawa da lambar wayarta.

Yaranmu ne suka haɗa mana tafiyar don murnar cikarmu shekara talatin da aure: mako guda a jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, daga Manhattan zuwa Bermuda a dawo. Babbar 'yarmu Hannatu ta bi ta hannun wani ejan a unguwarmu ta Mount Hope mai haɗa mutanenmu su tafi a rukuni. Da take miƙo min takardun, sai ta ce da Turancinta (tana jin Hausa sarai, mayarwa ce ba ta yi) wai ta zaɓa mana babban teburi na cin abincin yamma tare da jama'a, don kada mu zauna mu biyu muna kallon juna kamar masu jiran likita. Na yi dariya. Ban san abin da na sa hannu a kai ba.

Ranar farko aka kai mu wani zagayayyen teburi a tsakiyar ɗakin cin abinci. Kafin in gama jan kujera, wata dattijuwa mai ƙaton ɗauri ta riga ta san sunana da garinmu da yawan 'ya'yana. Hajiya Ramatu ke nan, 'yar Zangon Kumasi, mai shagon atamfa a Mount Hope, kuma ita ke jan ragamar teburin kamar ita ta gina jirgin. Kusa da ita akwai Malam Isufu, mutumin Nijar da ke aiki a wani ofishi a Manhattan, tare da iyalinsa. Da ya ji aikina sai ya ajiye cokali ya gyara zama.

"Madalla! Yau Allah ya haɗa ni da ku. To bon, gaya min gaskiya, me ya sa motocinku ke ɓacewa, mutum ya daskare a tasha, sannan su zo uku a jere kamar 'yan biki?"

Jama'a, na baro Bronx, na hau ruwa, ƙasa ma ta ɓace wa idona, amma ga fasinja a gabana da tsumman goge baki a wuya. Har aka kawo kayan zaƙi ina amsa tambayoyi a kan bas. Na duba agogo har wuyan hannuna ya gaji. Maman Hannatu kuwa tana can tana ƙyalƙyala dariya ita da Hajiya kamar tare suka yi yarinta.

Washegari da hantsi, matata tana wurin tausa, na lallaɓa na sami ogan ɗakin cin abincin na roƙe shi teburin mutum biyu. Ya daddanna na'urarsa, ya ce na yi sa'a, akwai guda ɗaya tak. Na fito ina jin kaina kamar wanda ya ci zaɓe. Na shiga lif, ƙofa na shirin rufewa sai wani hannu mai zobba ya tare ta. Hajiya Ramatu.

"Direba! Anjima ka zo da wuri, na aje maka labari."

Nan ne ya kamata in ce, Hajiya, mun canza teburi, ni mutum ne mai son shiru. Kalmomi kaɗan ne, ba sa kashe kowa. Amma dattijuwa ce, tana kallona da fara'a, kuma lif ɗin ba shi da taga. Sai na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Ai Hajiya, sai dai haƙuri. Madam ce ba ta jin daɗi. Tashin zuciya. Ƙamshin abinci in ya yi yawa yana damunta, shi ya sa muka nemi wuri mu biyu."

Ni ciwon teku nake nufi, Allah ne shaidata. Hajiya ta ƙanƙance ido.

"Tun yaushe ya fara?"

"Ya ɗan kwana biyu," in ji ni, don maganar ta yi nauyi.

"Da safe ya fi tsanani?"

"Sosai ma."

"Ei!" Ta dafa ƙirji. "Allah mai iko!" Ta dube ni daga hula har takalmi da wani irin girmamawa da ban taɓa samu a wurin kowa ba, lif ya buɗe ta fita tana murmushi. Ni kuma na yaba wa kaina da iya magana. (Daga baya ne na ji cewa Hajiya ta yi aikin ungozoma shekara da shekaru kafin ta zo Amurka.)

Saura Maman Hannatu. Ita kuma na ce mata so nake mu zauna mu biyu kawai, kamar lokacin da nake zuwa zance gidansu a Kafanchan. Ta kalle ni, ta ce, "Baban Hannatu, ashe kana tunawa?" Ta ɗauko leshin da ta ɓoye don ranar ƙarshe ta saka. Na ga leshin, na kawar da kai.

Da yamma aka raka mu teburinmu. Muna tafiya ina lura da hanyar, sai na ga ai hanyar jiya ce. Mai rakiyar ya tsaya, ya ja kujera. Teburin mutum biyu ne kam, da fure da kyandir, amma tsakaninsa da babban teburin da na gudo daga gare shi bai wuce in miƙa hannu in ɗauki gishirinsu ba. Bayan kujerata yana gogar bayan ta Malam Isufu.

Duk teburin suka juyo suna yi wa matata sannu da wata murya mai taushi. Ita ba ta gane ba, ta ɗauka leshin ne. Ta buɗe takardar abinci ta yi oda kamar yadda ta saba, wato ba wasa: miya, jatan lande, nama. Aka kawo jatan lande sai ga hannun Hajiya ya ƙetaro ya ɗauke farantin.

"A'a, ƙanwata, ban da wannan yanzu. Ga citta, ki tauna."

Maman Hannatu ta dube ni. Na ce mata a hankali, "Al'adarsu ce, karɓi kawai." Na cusa burodi a baki don kada a sake tambayata.

Daga nan hutu ya ƙare mini. Kwana na yi ina juyi, gari ya waye ina sintiri a saman jirgi kamar mai gadi. In na hango ɗaurin Hajiya daga nesa sai in ja matata mu shiga wani lungu, wai in nuna mata hotunan bango. Duk da haka sun kama ta. Matar Malam Isufu ta ƙwace mata jaka ta ce kada ta ɗauki nauyi. Wata ta hana ta hawa matakala. A wurin rawa Hajiya ta zaunar da ita ta sa mata matashi a baya. Matata ta dawo ɗaki tana cewa, "Mutanen nan akwai kirki, amma kamar sun ɗauka na tsufa." Sau da yawa na buɗe baki zan faɗa mata gaskiya, sai in tuna da "ashe kana tunawa?" in rufe. A lokacin ni kaina na fara zargin abin da Hajiya ta fahimta, amma na ce wa zuciyata haba, mace mai shekara hamsin da uku, mai jika? Ba mai hankalin da zai yi wannan tunani.

Yammaci na gaba, muna tsakiyar cin nama, na ga ma'aikata sun jeru suna tahowa da kek mai tartsatsin wuta. Na ce a raina wani ne ke bikin haihuwarsa. Suka wuce teburi na farko, suka wuce na biyu. Na fara addu'a. Suka tsaya a kanmu, suka kewaye mu, suka kama waƙa da tafi, duk ɗakin ya juyo. Aka ajiye kek a gaban matata. A samansa an zana 'yan takalman jariri guda biyu, ɗaya shuɗi ɗaya ruwan hoda.

Hajiya ta miƙe ta bubbuga kofi da cokali.

"Jama'a, ku taya mu godiya! Allah da ya ba Saratu matar Annabi Ibrahim haihuwa a tsufansa, yau ya maimaita a gabanmu. Ƙanwata, kada ki ji kunya. Maigidanki ya gaya min komai a lif."

Malam Isufu ya juyo ya kama hannuna da hannu biyu yana girgizawa. "Direba, na janye duk abin da na faɗa. Ashe ba kullum kuke makara a banza ba."

Maman Hannatu ta dubi kek ɗin. Ta dubi Hajiya. Sannan ta ajiye wuƙa da cokali a hankali, ta goge baki, ta juyo gare ni. Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi komai ban tsoro.

"Baban Hannatu, tashi ka yi wa jama'a bayanin cikin nan. Ni ma ina son ji, tunda kai kaɗai ka san da shi."

Na miƙe. Gwiwata ta bugi teburi, kofin ruwa ya kife a kan wandona daidai inda bai kamata ba. Haka na tsaya, a jiƙe, gaban mutanen da ba su ma jin Hausa amma sun ɗaga wayoyi suna ɗauka, na ce babu ciki, babu tashin zuciya, babu komai. Na ce ni ne ba na son surutu a kan abinci, na rasa yadda zan faɗa. Ma'aikatan da ba su fahimci abin da ke faruwa ba suka ɗauka jawabin godiya nake, da na yi shiru suka sake ɓarkewa da tafi.

Hajiya ta zauna daɓas. "Ei, direba. Surutunmu ne ya dame ka? Da ka faɗa mana." Sannan ta ƙara da ƙaramar murya, "Amma fa na riga na tura saƙon murya ta waya a zauren matan unguwa tun jiya."

Da muka koma ɗaki na shirya wa faɗa, amma ba faɗa ta yi ba. Tana cire ɗankunne ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Dariyar mutane ba ta dame ni ba, a asibiti na ga abin da ya fi haka. Abin da ya dame ni, ka ce don ni ka nemi teburin. Na yarda. Har leshina na saka." Na ce mata wallahi akwai gaskiya a ciki. Ta ce, "Akwai. Amma ba ita ka sa a gaba ba." Haka ne kuwa.

Washegari da yamma ta ɗauki kujerarta da hannunta ta matsar da ita babban teburi. Sauran kwanakin tafiyar ni kaɗai na ci abinci a teburin mutum biyu, ni da fure da kyandir, ina jin dariyarsu a bayan kunnena. Ba mai yi min magana, ba mai tambayata a kan bas. Shirun da na nema na same shi cikakke, kuma ban taɓa cin abinci mara daɗi irin wannan ba. Sai a yammacin ƙarshe, da na ja kujerata da kaina zuwa babban teburi na tsaya ina rarraba ido, Hajiya ta matsa ta nuna ni ta ce, "Ku ba mai jego wuri." Matata ta yi dariya har da hawaye, a nan na san an fara yafe mini.

Muna sauka a Manhattan wayoyinmu suka kama kuka. Hannatu ta bar saƙonni a jere, na ƙarshe da Hausa zalla, karo na farko a rayuwarta: "Mama, da gaske ne?" Ranar Lahadi a coci mata suka riƙa gaishe da Maman Hannatu idanunsu na kan cikinta, matar fasto ta ja ta gefe ta yi mata addu'ar sauka lafiya. Kowane mutum sai da matata ta turo shi wurina in yi masa bayani da bakina, ɗaya bayan ɗaya, har aka kusa wata biyu. Har yau akwai wani mai sayar da nama a unguwarmu da ba ya kirana sai Baba Ibrahim.

Abin da na koya? Zan so in ce na koyi faɗin gaskiya, amma kun riga kun san ni. Abin da na tabbatar dai shi ne, in ƙarya ta zama dole, mutum ya yi ta a kan jikinsa, ya bar na matarsa. Da a lif ɗin nan cewa na yi ni ne cikina ya ɓaci, ba wanda zai yi min kek.