Harshen Tela a Bango

"Lafiya lau muka tashi, amarya. Sai dai tunda na gan ki da wannan baƙin abin a wuya, na san lafiyar ta ƙare."

Haka tsohon tela ya amsa gaisuwar jikarsa, ko kai bai ɗago daga kan keken ɗinki ba. Shagona na guga yana jikin nasa, katako ne kawai tsakaninmu, don haka in suka fara sai in jingine dutsen guga kada in ƙona wa mutane kaya. Ita jikar hoto take ɗauka, amma ba ruwanta da wanda ya ci ado. Mai shara, mai faci, takalma a ƙofar ɗaki, su take bi da kyamara. Yanzu an zaɓi hotonta guda za a rataya a wurin baje kolin hotuna, karo na farko a rayuwarta, kuma masu wurin sun ce sai wanda ke cikin hoton ya yarda. Shi kuwa ga shi nan yana taka keke.

"Maigida, arziki na kawo maka. Mutane za su yi layi su kalle ka."

"Dama suna yi. Kin san mata nawa ke yaga zanensu da gangan don su zo su gan ni?"

"Suna dai zuwa su ga ko har yanzu kana numfashi."

"Kawo mu gani, mara kunya."

Ta juya masa kyamarar. Ni ma na leƙo. Ga tsoho cikin singileti mai huji, tabarau a ƙarshen hanci, ido ɗaya a rufe, harshe a waje, yana fama da zare da kafar allura. Hasken taga ya sauka a kan yatsunsa. Gaskiya hoton ya yi kyau, amma dariya ta kusa shaƙe ni.

"Wane ne wannan?"

"Mijina."

"To kin yi asarar miji. Wannan ai ƙadangare ne ya sa tabarau."

"Haka na gan shi, haka nake son kayana."

"Goge shi. Bari in sa sabuwar rigata, in tsaya jikin motar maƙwabci, hannu a kan ƙofa, ki ɗauki mutum."

"Ka tsaya ƙyam kamar an kama ka da kayan sata? Hoton da ka ɗauka bara, da shi muke sa yara su yi shiru a gida."

"Kwarjini ke nan, ba ki san shi ba. A zamaninmu mai hoto sai ya ce ka shirya. Ke kuwa laɓewa kike yi kamar kyanwa. Wa ya koya miki ɗaukar mutum ba sallama?"

"In na yi sallama harshen zai koma ciki."

"Harshen nawa ne ko naki?"

"Namu ne. Ba aure muka yi ba?"

"Na sake ki!"

"Jiya ma ka sake ni, da yamma ka aiko in zo in nemo maka almakashi."

Sai tsohon ya daina taka keke. Ya cire tabarau yana goge shi da bakin singileti.

"Ke wasa kike gani. Duk wanda ya kalli wannan zai ce idon tela ya tafi. Wa zai ƙara kawo mini yadinsa?"

Tausayinsa ya kama ni, don na san masu kawo masa ɗinki sun ragu. Ita ma jikinta ya yi sanyi.

"Kaka, in ka ce a'a, shi ke nan. Zan ce su cire, wallahi ba zan ji haushi ba." Ƙarya take, na san yadda ta ƙwallafa rai a kai. "Amma duba na bayansa tukuna."

Ta danna. Ga shi dai a wurin, zare ya shiga, ya ɗaga allura sama yana dariya da duk haƙoran da suka rage masa.

"Kai! Wannan kyakkyawan saurayin fa?"

"Ƙadangaren ɗazu ne, bayan zare ya shiga."

"Me ya hana ki kai musu wannan?"

"Na kai. Wancan suka zaɓa."

"To su ne masu ciwon ido, ba ni ba." Ya ƙara matso da kyamarar, ya daɗe yana kallo. "Ki ce su rataya biyun a jere. Wanda ya ga harshe, ya ga zare ya shiga."

"Zan roƙe su."

"Wane irin roƙo? Cewa za ki yi mijinki ya ce."

"Ka mai da ni ke nan?"

"Wa zai kwashe ki in ba ni ba?" Ya fashe da dariya, ya buga katakon da ke tsakaninmu. "Mai guga, ka shirya, tare za mu. Zan tafi da allura da zare a aljihu, in tsaya a gindin hoton. Duk wanda ya yi mini dariya, in miƙa masa ya zura a gabana mu gani."