Kwalbar Maɓallan Tela Ta Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya gama gajiyar da ita, Tela na shagon ƙarshen layi da maiɗakinsa suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki da masu kawo ɗinki rasuwar kwalbar maɓallansa. Marigayiyar ta rasu da rana tsaka, a cikin shago, a gaban idon mai ita, sakamakon faɗowa daga kan kantar ajiye kaya. Ba ta yi doguwar jinya ba. Ko kuma a ce ta yi, sai dai babu wanda ya gane jinya ce.

Ga waɗanda ba su san ta ba, marigayiyar ta tashi ne a wani kanti tana ajiyar alawa. Doguwa ce, mai faɗin baki da jan murfi, gilashinta garau. Maiɗakin Tela ce ta roƙo ta wurin mai kantin, ta wanke ta tas, ta kawo ta shago washegarin ranar da suka dawo daga asibiti. A asibitin ne likita ya ɗaga hoton ƙirjin Tela, ya nuna masa wani duhu-duhu da bakin biro, ya ce in har bai rabu da sigari ba, to gara ya fara tunanin wanda zai gaji keken ɗinkinsa.

Ba a ranar Tela ya fara barin sigari ba, Allah na tuba. Ya sha rantsuwa, ya sha jiƙa ashana da ruwa, ya sha kyautar da sauran kwali ga mai wanki da guga na shagon gefe, bayan 'yan kwanaki kuma ya koma ya roƙi kara ɗaya daga cikin kyautar tasa. Kukansa kullum ɗaya ne: in ka ɗinka riga kana ganin ta a rataye, amma yinin da ka yi ba ka sha taba ba, ina yake? Ba shi da hannu ba shi da wuya, ba ka da inda za ka rataye shi, wahalar kawai ka sha ta wuce. Maiɗakin nasa ta gaji da jin wannan waƙa. Ta dire kwalbar a kan teburin yanka, ta ce duk yammacin da zai rufe shago bakinsa bai taɓa sigari ba, ya jefa maɓalli ɗaya. Ta ɗaura jan zare a wuyan kwalbar, ta ce ranar da maɓallai suka taɓo zaren nan za su koma asibiti a sake hoto, su ga ko duhun ya ja da baya.

Tela ba zai manta da muryar marigayiya ba. Maɓalli na farko da ya faɗa cikinta cewa ta yi "ƙwal!", da ƙarfi, har da amsa-kuwwa, abin kunya, duk shagon ya ji cewa babu komai a ciki. Da tafiya ta yi tafiya ta koma "kas". A ƙarshen rayuwarta kuwa sai ka kasa kunne za ka ji ta ce "tus", can ƙasa-ƙasa, irin maganar wanda ya ƙoshi. Wannan "tus" ɗin Tela ke yini yana jira, yana taunar tsinke, yana haɗiyar yawu.

An shaide ta da rashin tsegumi. Ba ta wa'azi, ba ta gori, ba ta taɓa cewa ai dama na faɗa ba. Kuma ba ta karɓar na-goro. Akwai ranar da wani ya zazzage wa Tela kwandon rashin mutunci a kan tsawon wando, Tela ya daure bai sha ba, ya ga ai wannan yini ya cancanci maɓalli biyu, ya jefa biyu. Bai kai bakin titi ba ya dawo ya buɗe shago, ya zura hannu ya cire ɗaya, don ya san gobe ba zai iya haɗa ido da ita ba. Maƙiyinta ɗaya ne a duniya, shi ne mai teburin sigari na tsallaken titi, wanda teburinsa ke kallon ƙofar shagon. In sha'awar ta taso wa Tela, ya kan dubi teburin, ya juyo ya dubi kwalbar, wani lokaci har ya ɗauko tef ɗin awo ya auna tsayin maɓallan kamar zai yanka musu riga, sannan ya koma ya hau keke.

Ciwon ajali ya samo asali ne daga ƙauna. Masu kawo ɗinki sun addabe ta a kan teburin yanka, kowa ya zo sai ya cusa hannu yana zaɓen wanda zai dace da rigarsa, yana zaton na sayarwa ne. Tela ya ga ba zai iya da mutane ba, ya kafa mata kanta a jikin katakon da ya raba shagonsa da na mai guga, daidai saman keke, inda da ya ɗaga ido zai gan ta. Mai guga ya ce masa katakon nan fa rawa yake in kana taka keke, ni ina ji ta nan. Maiɗakinsa ma ta ce a sauke ta. Tela ya ce su bar shi da abarsa. Tun daga nan, duk sa'ad da ya taka keke sai marigayiya ta riƙa cewa "cakas-cakas-cakas", shi kuma bawan Allah ya ɗauka kirari take masa, ya ƙara wuta. Ashe tafiya take. Kullum tana matsawa kaɗan zuwa bakin kanta, shi kuwa idonsa na kan maɓallan da ke hawa, bai taɓa duban gindinta ba.

Ranar da abin zai faru, kayan 'yan makaranta ne suka taru masa, iyaye na zarya, Tela ya sunkuyar da kai yana taka keke ba ji ba gani. Saura kamar yatsa biyu maɓallai su taɓo jan zare. Sai ya ji kirarin ya ɗauke. Kafin ya ɗago, ta bugi kan keke, ta faɗi kalmarta ta ƙarshe, "tarrr", ta tarwatse. Maɓallai suka watsu ko'ina. Wasu sun shige ƙarƙashin keke, wasu sun gangara kwata, mafi yawa kuma suka zube cikin buɗaɗɗen gwangwanin maɓallan aiki suka gauraya da su, ta yadda yanzu ba mai iya cewa wannan yinin haƙuri ne, wancan kuma na rigar ɗan makaranta ne. Tela bai yi salati da ƙarfi ba, bai zagi kowa ba. Zama kawai ya yi, ƙafarsa a kan matakin keke, ya ji duk gajiyar watannin nan ta sauko masa lokaci ɗaya.

Marigayiya ta rasu ta bar murfinta, wanda ko ƙwarzane bai yi ba, da jan zaren wuyanta, da tef ɗin awo da ya rasa abin aunawa da yamma. Ta kuma bar sawunta a ƙurar kanta, dogon layi daga jikin katako zuwa baki, wanda Tela ya hana a goge.

Masu gaisuwa sun yi ta zuwa. Mai guga ya zo, kuma an gode masa da ya haɗiye maganar da kowa ya san tana bakinsa. Maiɗakin Tela ta zo da tsintsiya, ta tsaya a kansa ta ce, "Malam, kwalba ce ta fashe, ba ƙirjinka ba. Kwanakin nan suna jikinka." Ya ce ya sani. Ya sani sarai, amma ido bai san wannan karatun ba, ido kantar nan yake gani wayam. Mai teburin sigari ma ya tsallako titi da fuskar tausayi, ya yi dogon jaje, da zai tafi ya ajiye kara ɗaya a kan teburin yanka, wai don rage zafi. Iyalai ba za su ɓoye wa jama'a ba, Tela ya ɗauka. Bai kunna ba, bai kuma yar ba. Ya sa shi a aljihun gaban rigarsa, yana nan har yanzu.

Da yamma ta yi, hannunsa ya ɗauko maɓalli kamar yadda ya saba, ya miƙa shi sama, ya tarar ba kowa. Ya daɗe a tsaye da abin a hannu. Daga ƙarshe ya jefa shi cikin wannan aljihun, kusa da karan sigarin, kuma ko "tus" bai ji ba. Haka ya yi washegari, haka ya yi jiya.

An tattara gawar marigayiya a cikin ƙyallen yadi mai kauri don kada ta yanki masu kwasar shara, za a kuma raka ta bola gobe da hantsi daga ƙofar shago. Za a ci gaba da karɓar gaisuwa a shagon, a kan benci, ba tare da an tsayar da ɗinki ba. Ana roƙon masu zuwa kada su zo da warin taba a jiki, kada kuma su kawo robar da za ta maye gurbinta, don roba ba ta da murya. Mai teburin sigari an yafe masa zuwa na biyu. Wanda ya zo ya ga aljihun Tela ya ɗan yi nauyi, kada ya tambaye shi, ya yi masa addu'a kawai. Ashana dai tana tsallaken titi, Tela kuma ya gaji. Amma maiɗakinsa, da ta leƙa aljihun yau da safe kafin ya sa rigar, ta ce maɓallan sun fara karya karan sigarin ta tsakiya.