Injiniya da Bawul ɗin Babbar Mota

"Ni fa ƙarfe tsorona yake ji. In na harari noti, da kansa yake kwancewa."

Maganar maƙwabcina ke nan, wanda muke kira Injiniya. Kada ka ɗauka wata makaranta ce ta ba shi sunan. Shi ya raɗa wa kansa, ranar da ya canza wa tocila batir ta kama. Aikinsa na gaskiya buga hatimi ne a ofis, amma in ya baje a bencin ƙofar shagona, har jirgin sama gyara shi yake da baki.

Ranar nan surukinsa, wani dattijo mai sanyin hali, ya biyo duba 'yarsa a kan babur ɗinsa da yake lallaɓawa kamar ƙwai. Bayan an gaisa ya ce, "Taya ɗaya tana sace iska a hankali. Bari in miƙa wa mai faci, don ƙarfe biyu likita zai gan ni."

"Haba Baba, ina raye?" in ji Injiniya. "Shiga ciki ka huta. Bawul ne ya gaji, daga nan nake jin numfashinsa."

Bawul dai, in ba ka sani ba, shi ne ɗan bututun nan da ake hura wa taya iska ta cikinsa. Dattijo ya ji nauyin surukinsa, ya miƙa makulli ya shige.

Gogan naka ya nufi shagon kayan gyara. Mai shago ya ɗauko ɗan gajere na roba ya ce, "Ga na babur, yallaɓai."

"Wannan ɗan tsugul ɗin? Babur ɗin surukina zan sa wa wannan? Miƙo min wancan."

Ya nuna wani dogo na ƙarfe, mai lanƙwasa, yana ta walƙiya.

"Na babbar mota ne. Ba zai shiga ramin ƙarfen tayar babur ba."

"Kai sayarwa ka iya. Shigarwa kuma aikinmu ne."

Ya dawo ya tuɓe riga, ya kwance tayar gaba. Ƙarfen ɓanɓare taya babu, sai ya aika ciki aka ba shi babban cokalin suya. Cokali ya lanƙwashe. Na biyu ya bi sahu. Matarsa ta leƙo ta ce, "Baban yara, da me zan juya abinci?"

"Ana maganar injin kina maganar ciki."

Da ƙyar taya ta saki. Ya yanke tsohon bawul da reza ya wurgar, ya kawo sabo bakin rami. Ya tura, ya murɗa, ya buga da dutse, ya ƙi shiga. Na ce masa, "Injiniya, anya ba girma ya yi ba?"

"Ramin ne ya yi ƙanƙanta. Kuskuren kamfani ne."

Ya samo zarto ya hau gyara wa kamfani kuskurensa. Ya goga, ya goga, har ramin ya wuce bawul, ya koma ana iya zura babban yatsa. Bai damu ba. Ya naɗe gindin da tsohuwar roba, ya ɗaure tamau, ya ari famfon ƙafa ya yi ta tattakawa, gumi har cikin kunne. Abin mamaki, taya ta ɗan tashi.

"Ka gani? Bari in ɗana."

Ya hau ya tayar. Duk zagayen da taya ta yi, sai dogon bawul ya doki ƙarfen birki, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Na ɗaga masa hannu ya tsaya, shi kuwa ya ɗauka jinjina ce, ya ƙara wuta. Daidai rumfar mai faci bawul ya karye, iska ta fice gaba ɗaya, kan babur ya murɗe. Babur ya kwanta a bakin titi, Injiniya ya zarce cikin kwata har ƙugu.

Ƙarar ce ta fito da dattijo. Ya iske mai faci ya ɗaga babur yana leƙen ramin yana girgiza kai.

"Baba, wannan ƙarfen tayar ya gama aiki. Sai sabo."

Dattijo ya juya wurin Injiniya, ya ce a hankali, "Me ya kai ka ta gaba, ɗana? Ai ta baya ce ke sacewa."

Mai faci ya tsuguna, ya shafa wa bawul ɗin baya yawu, ya yi kumfa. Ya zura ɗan makulli ya murɗa sau ɗaya, kumfa ta tsaya.

"Ƙwayar ciki ce ta yi sako-sako. An gama."

Daga cikin kwata Injiniya ya share fuska, ya gyara murya. "Ai na sani, Baba. Gwaji na fara yi da ta gaba. Yanzu zan zo kan ta bayan."

Dattijo ya duba agogo, ya dubi surukinsa, ya juya wurin mai faci.

"Yi sauri ka kwance min ta bayan in tafi da ita asibiti. Kada kowa ya ba shi hannu sai na sha kwana."