Ranar da Na Ja wa Keke Linzami

Mu biyar munka tashi daga Ƙofar Taramniya za mu Argungu bisa kekuna, lokacin keke na sabon abu. Na ce babu mai koya mani komi, tun ina yaro nike hawan dokin kawuna. Sai anka ɗaura mani goran hurarmu duka.

A gangaren hwarko keke ya kwasa. Ga birki ƙarƙashin yatsuna, amma na ja kan keken baya kamar linzami, ina lallashinai kamar doki. Ni da hura munka zube gonar gero.

Mamman, babbanmu, ya kakkaɓe mani riga. "Ba laihinka ba ne, ƙane. Ba ka ba shi dusa da sahe ba."

Da yunwa munka yini. Har yau in na jingine keke, sai wani ya tambaya ko a kawo turke.