Ranar da Rana Ta Kashe Alhaji Barau

Sunan garin ya kuɓuce mini. Na zauna a garuruwa da yawa ina karantarwa, yanzu kuma sai su riƙa haɗe mini a kai, kasuwar wannan ta koma ƙofar masallacin wancan. Amma mutanen biyu ban manta da su ba: Alhaji Barau mai goro, da maƙwabcinsa Tanimu tela.

Akwai wata darbejiya a jikin katangar Alhaji Barau, a inuwarta Tanimu yake kafa keken ɗinkinsa. Wata rana Alhaji ya sa aka sare ta, wai saiwarta tana tsaga masa gini. Tun daga nan Tanimu yake ɗinki a cikin rana da tsumma a ka, kuma ko sallama ba ta ƙara haɗa su ba. An yi ta ba shi baki, ya ce shi ba zai yafe ba.

A wancan zamanin a gajeren zango muke kama rediyo. Wani hantsi, ana zaune a wajen mai shayi, mai sanarwa ya ce, "Ana sanar da rasuwar..." sai rediyo ta ɗauki shuuu kamar an zuba ruwa a mai mai zafi. Da ta dawo sai aka ji, "...Alhaji Barau mai goro." Daga nan ta ɗauke ɗungurum. Kalma ɗaya ce ta faɗa cikin shuuu ɗin, wato "surukin". Tsohon ya rasu ne can wani gari mai nisa, Allah ya ji ƙansa.

Kafin a jima ƙofar gidan Alhaji Barau ta cika da masu ta'aziyya. Tanimu ya bar keke ya zo, idonsa ya yi ja, ya tsaya gaban jama'a ya ce, "Ku shaida, maganar bishiya na yafe masa, duniya da lahira."

Bai rufe baki ba sai ga Alhaji Barau ya fito daga zaure da jaka a hannu, zai tafi ta'aziyya. Wasu suka yi salati, wasu suka nemi hanya. Wani mai jan tasbaha, na manta ko wane ne, har takalmi ya bari.

Da ƙura ta lafa, Alhaji ya ce, "Tanimu, na ji ka da kunnena. Na gode."

Tanimu ya ce, "Ba da kai nake ba. Da mamaci nake."

Akwai wani malamin kimiyya a cikin taron, shi ya yi mana bayani. Ya ce rana takan yi wani irin aman wuta, abin da ta feso ya hargitsa saman da muryar rediyo ke bi ta iso mana, sai magana ta yanke. Ban gaskata ba a lokacin. Daga baya na tambayi wani masanin taurari a jami'a, ya tabbatar mini haka ne, ya ce in aman ya yi ƙarfi har na'urorin da ke yawo a sama da layukan lantarki yakan taɓa.

Alhaji Barau ya riƙe baki ya ce, "Ikon Allah! Ina zaune a ɗakina rana ta kashe ni? Me na tare mata?"

Tanimu ya ce, "Ai ba ka tare mata komai ba, Alhaji, hanya ma ka buɗe mata. Ni shekara da shekaru tana dukan ƙeyata ban mutu ba. Kai sau ɗaya ta leƙo ka, har an yi sanarwa."

Jama'a suka yi dariya, har da Alhajin, ko da yake tasa ba ta yi nisa ba. Ya matso ya sassauta murya ya ce, "To maƙwabci, bar wasa. Yafiyar nan fa? A gaban shaidu ka furta ta."

Tanimu ya gyara tsumman kansa ya ce, "Tana nan, na ajiye maka. Duk ran da rediyo ta faɗi gaskiya, ka aiko a karɓa."